Gwanin Zaɓen Fiza

Yaya Tsahara,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? An ce har yanzu ruwa bai sauka a Tasawa ba. Allah ya kawo sauƙi.

Ni lafiya lau nake a Arlit, ina yi wa wani Bafaranshe da matarsa girki. Rabin aikina zaɓen fiza ne a kantin kamfanin da yake wa aiki, wato wani faifan burodi mai tumatir da cuku da ake kawowa a daskare. Tunda 'yan tawaye suka tare hanya, mota takan daɗe a Agadas tana jiran rakiyar soja, kaya su narke, a sake daskarar da su. Sai in girgiza kwali kusa da kunne. In na ji ƙanƙara na motsi a ciki, in mayar. Ran nan wata ta yi tsami, uwargidan ta juye ta a bola, ina tsaye ina tuna rumbunmu.

Ƙarshen wata za su koma ƙasarsu, kamfani na rage ma'aikata. Kada ki faɗa wa Inna tukuna. Ki dai tambaya mini ko a Tasawa akwai mai neman gwanin zaɓen fiza.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Nomau