Miyar Kukar Ranar Talata

Zulkifilu,

Ranar Talata matarka ta daina ba ni shinkafa da madarar kwakwa. Shekara biyu ina cin girkin Malesiya a gidan nan ban ce uffan ba, sai ga tuwo da miyar kuka, da dakakken kifi, yadda mahaifiyarka kaɗai take yi.

Ɗazu na buɗe akwatin marigayiya, babu littafin girkinta. Da Hausa ta rubuta shi, matarka Sharifa kuwa Hausarta ba ta wuce "ina kwana, Baba" ba, don haka na san wanda ya fassara mata. Na kuma ga takardar gidan tsofaffi a cikin wasiƙunka, na karanta har ƙananan rubutun. Idan lallashina ake yi kafin a kai ni can, ku fito fili ku faɗa mini.

Na tafi ganin likita. Ka mayar da littafin kafin in dawo.

Kada ka gaya mata na ƙara tuwon. Miyar ta yi daɗi. Shekara talatin da huɗu ina shan ta a hannun mahaifiyarka, ban taɓa buɗe baki na faɗa mata haka ba.

Baba