Kwamfutar da Ta Ƙi Matan Lafagu

Gwaggo Safina, don Allah ki taimake ni. Abin ya ɗaure mini kai, kunya kuma ta hana ni faɗa wa kowa a ofis.

Ina aiki a Illo, a wani kamfani mai raba wa manoma irin shinkafa. Ni ke shigar da su a kwamfuta: suna, ƙauye, girman gona, lambar waya. Wanda bai shiga ba, babu iri, kuma Alhamis mai zuwa za a rufe.

Ranar da mutanen Lafagu suka zo, maza ne suka fara kamar yadda aka saba, duka suka shige lafiya lau. Da aka zo kan mata, ina danna ajiyewa sai kwamfutar ta watso mini jan rubutu, wai akwai wannan a ciki. In nemi sunan matar, babu. Na kashe na kunna, na hure ƙurarta, har na zargi sabis, don a nan waya kan kama na Benin mutum bai sani ba. Mace ɗaya tak ta shige, Inna Uwa da mijinta ya rasu bara, ta zo da 'yar wayarta ƙulle a bakin zane. Da me ta fi sauran? Tsakani da Allah, ko ba don aikin ba ina so in sani.

Ga laifina. Barira matar Namadi ta miƙo mini lambar mai gidanta a 'yar takarda, ta tsaya da goyo tana kallona. Kwamfuta ta ƙi, ni kuma bakina ya ce an shigar. Haka na ce wa mata talatin da ɗaya. Sunayensu na nan a littafi cikin jakata. Manajanmu, Malam Abdulganiyu, ba ya son jin an kasa, ni kuwa watana uku da kama aiki. Tsoro nake ji ƙwarai.

Taki, Mai Rajista daga Illo

'Yata,

Kwamfuta ba ta san mace ko namiji ba, kin ma ba ni amsar da kanki. Na tuntuɓi wata mai wannan sana'a, ta ce da alama an tsara manhajar kada lambar waya ɗaya ta shiga sau biyu. Miji ya riga ya shiga da lambarsa, matar ta kawo ita ɗin dai, shi ne aka ce akwai. Inna Uwa kuwa, lambar tata ce ita kaɗai. Ki gwada: nemi lambar da Barira ta ba ki, ki ga sunan wa zai fito.

Masu tsarin suna da hujja, ba sa so mutum ɗaya ya karɓi iri sau biyu. Sai dai a ofishin birni suka zauna suka ɗauka kowa da wayarsa, alhali a ƙauye waya ɗaya kan ishi gida guda. Wannan ba laifinki ba ne. Cewa an shigar, shi ne naki.

Kada ki kuskura ki ƙirƙiri lambobi, gyaran wannan ya fi wuya. Ki ɗauki hoton jan rubutun, ki haɗa da littafin, gobe da safe ki kai wa Malam Abdulganiyu. Ki nemi a sanar da masu manhajar su ba kowane manomi lambar rajista tasa, a kuma karɓi sunayen littafin kafin Alhamis. Zai iya yin faɗa, ki daure. Wadda ta zo da matsala tare da dalilinta ba ta kasa ba.

Sannan ki aika Lafagu a faɗa wa matan gaskiya. Yanzu haka suna can suna gyaran gona saboda maganarki. Gara su ji daga gare ki yau, da su ji ranar rabo, suna tsaye da buhu a hannu ana kiran sunaye.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa kowace ta samu irinta a kan lokaci.

Gwaggo Safina