A Buɗe wa Harshen Japan Gurbi a Fom ɗin Tallafin Karatu

Zuwa ga mai girma shugaban kwamitin tallafin ƙarin karatu na gidauniyar 'yan kasuwar yankinmu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗan Zurmi ne, ina koyar da Turanci a wata sakandare a Ƙauran Namoda, kuma ina da digirin farko a kimiyyar harshe. Na rubuto a fili ne saboda sau biyu ina zuwa ofishinku ban samu ganinka ba.

Yayana bakanike ne a tashar Ƙaura. Shekara shida da suka wuce wani direban hanyar Shinkafi ya kawo masa mota 'yar kwatano, allon gabanta yana ta nuna rubutun Japan. Ba wanda ya san abin da take faɗa, har injin ya buga. Daga baya muka gano tun farko gargaɗi take yi cewa ruwan sanyaya inji ya ƙare. Ranar na fara koyon harshen ta wayata. Bara na je Abuja na zauna jarrabawar ƙwarewa a harshen, na kuma ci. Yanzu duk Asabar da hantsi ina koya wa kanikawa da direbobi karatun waɗannan alluna a rumfar yayana.

Da kuka sanar da tallafin digiri na biyu, na cika fom. Akwai gurbin likitanci, da noma, da injiniyanci, da Turanci, da Larabci, da Faransanci, babu na harshen Japan, sai na rubuta shi da biro a ƙasa. Magatakardanku ya karanta, ya yi murmushi, ya ce mini wannan ai ba fanni ba ne, in koma in zaɓi Turanci. Ban ga laifinsa ba, abin da ke takardar ya bi. Amma ga hanyoyin da na bincika, don ka tabbatar fanni ne.

Ta farko, akwai jami'o'i a Japan da ke ba da digiri na biyu a koyar da harshensu ga baƙi. Mutum kan fara a matsayin ɗalibin bincike, sannan ya zauna jarrabawar shiga. Na aika wa wata farfesa a can tsarin bincikena, kan yadda dogon wasali da gajere da baƙi mai ɗauri ke sauya ma'ana a Hausa kamar yadda suke yi a harshensu. Ta amsa cewa za ta karɓe ni, in har wata hukuma a gida ta ba ni takardar shaidar cewa tana bayana.

Ta biyu, in yi digirin a kimiyyar harshe a nan gida, bincikena ya zama kwatanta harsunan biyu. Matsalar ita ce har yanzu ban samu malamin da zai duba ɓangaren Japan ba.

Akwai kuma karatu ta intanet. Shi ne mafi sauƙi, sai dai ka san yadda sabis yake a yankinmu, wani lokaci sai a kwana biyu babu.

Roƙona shi ne a karɓi fom ɗina a duba shi kamar na kowa. In tallafin bai kai kaina ba bana, a ba ni takardar shaidar nan kafin ƙarshen wata mai zuwa, lokacin da jami'ar za ta rufe karɓa. Sannan a ƙara layi ɗaya a fom ɗin mai cewa "wani fanni daban". Ɗalibaina mata biyu a aji shida sun riga sun iya haruffan farko, kuma sun fara tambayata inda za su ci gaba. Na yi alkawari a rubuce: in na gama, Ƙaura zan dawo in koyar.

Na san ka ɗauki nauyin yara da yawa daga Moriki da Dauran da rashin tsaro ya raba da makarantunsu, shi ya sa na sa rai za ka saurare ni. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya kare iyalinka, ya dawo mana da zaman lafiya. Ranar Litinin, in Allah ya so, zan sake kawo takarduna ofis.

Wassalam.

Naka,
Malam Sanusi, Ƙauran Namoda.