A Cire Yatsana Daga Takardar Korar Baba Taka

Zuwa ga Alhaji Shugaban sandika, ƙungiyar direbobi ta tasharmu, da dattawan da ke zama tare da shi a biro, ofishin sandika.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarku da ta iyali, da yadda kuke fama da jama'a. Jama'ar tasha sai mai haƙuri, kuma na san ina sahun gaba cikin masu ba ku ciwon kai.

Ni ne Hamidu, mai farar motar nan ta mutum goma sha tara da ke bin layin Madawa zuwa Buza da ƙauyukan gefenta. Na rubuto a fili ne domin a fili muka yi abin da muka yi. A ƙarƙashin rumfar tasha, gaban kowa, muka dangwala yatsu a takardar da ta sa aka ɗauke Baba Mahamadu daga bakin ƙofa. Yatsana ne na uku daga sama. Ba wanda ya tilasta mini, har sauri nake kada tawada ta bushe.

Na farko, bari in tuna mana wanda muka kora. Baba Mahamadu tsohon direban kamyo ne, babbar motar ɗaukar kaya, ya san hanyar Madawa zuwa Keita tun ba a haifi yawancinmu ba. Da ya ajiye tuƙi, sandika ta ba shi ƙofar fita. Aikinsa shi ne ya karɓi tikitin layi ya saki igiya, amma ya ƙara wa kansa wani da ba wanda ya sa shi. In an gama lodi an ɗaure kaya tsaf, sai ya zaga bayan mota, ya ja da baya taku ashirin, ya ɗan rusuna daidai tsayin mai moto, wato babur, ya ɗaga murya ya ce, "Taka!" Kai kuma ka taka birki. In ya ga ja, ya saki igiya. In bai gani ba, ko kai ɗan gwamna ne sai ka kwance kaya. Daga nan sunan Baba Taka ya bi shi.

Ranka ya daɗe, ba ka manta ranar da ya tsare taka motar ba. Ka fito daga biro muna jiran mu ga rigima, sai ka yi dariya ka ce a kwance, dattijo ya fi ka gaskiya. Ranar na ga girmanka. Shi kuwa ko goro ba ya karɓa a bakin ƙofar nan. Abin da ke aljihunsa gwangwani ne cike da ƙwan fitila da guntayen waya, wanda tasa ta mutu ya miƙa masa ɗaya ya ce sa.

Na biyu, abin da ya haɗa ni da shi. Kowa ya san yadda muke lodi ranar kasuwa. Mun walda ƙarfe a bayan mota, muna jibga masa buhunan albasa, a gitta damin tabarmi a kai, har fitilun birki biyu na ƙasa su nutse cikin kaya. Abin da ke saura shi ne ƙaramar fitilar nan ta sama, wadda ke can ƙolin gilashin baya. Tawa kuwa da bakina na sa aka cire ta. Gilashin ya fashe, na sa kwano a madadinsa, mai walda ya tambaye ni ko a fito da fitilar waje, na ce ya jefar, wurin ya fi kyau da rubutu. Aka rubuta mini "Komai Na Allah Ne" da shuɗin fenti, ina ta jin daɗi.

Washegari Baba ya rusuna a bayana, na taka, bai ga komai ba. Ya karanta rubutun, ya ce, "Komi na Allah na, Hamidu. Amma wanda ab biye da kai ba shi karatu shina gudu. Ja shika biɗa." Fasinja suka kwashe da dariya. Ya sa na kwance lodi har fitilun ƙasa suka fito. Sau huɗu yana yi mini haka cikin wata guda, cikin rana, mata na tsaki, wanda ke bayana a layi na danna oda. Na ƙullace shi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Abokina Ila ya gaji da kwance kaya, ya je ya ɗaura fitilarsa can saman ƙarfen rufin mota, muka riƙa yi masa tsiya muna kiransa mai hasumiya. Ni kuwa na zaɓi takarda da tawada.

Na uku, hujjar da muka kawo muku. Mun ce motocinmu suna da bizit, takardar duba lafiyar mota, suna da asirans, wato inshora, kuma jandarma ba su taɓa tsare mu kan fitilar sama ba, to Baba wace doka yake bi? Daga baya na nemi sanin dokar da gaske. Mutum uku na tambaya cikin waɗanda ya kamata su sani. Ɗaya ya ce biyun ƙasa sun isa. Ɗaya ya ce abin da mota ta zo da shi daga inda aka ƙera ta ba a cire shi. Na ukun ya ce in ba shi takarduna tukuna. Ni lakwal ɗina a aji shida ta tsaya, ba zan yi wa littafin kod, na dokokin hanya, ƙarya ba. Abin da na gane guda ne: mai bizit yana duba mota ba kaya, an wanke ta kamar za ta gidan biki. Baba ne kaɗai ke duba ta yadda take hawa hanya.

Na huɗu, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Wata biyu bayan an ɗauke Baba, ranar kasuwar Tama da hantsi, muna sauka gangaren da ke shiga kwari. Ila na gabana, lodinsa ya rufe fitilun ƙasa kamar nawa. A kan kwana raƙuman wani makiyayi suka faɗo hanya. Ni ban ga raƙumi ko ɗaya ba, motar Ila ta kare mini su. Abin da na gani jan nan ne ya kama a saman hasumiyar da nake yi wa dariya. Na take birki da duk ƙarfina, motata ta tsaya tsakaninta da tasa bai fi tafin hannu ba. Fasinja na salati, ni ina hamdala. Ban rufe baki ba na ji wani abu ya daki bayana.

Malam Shu'aibu ne, mai lambu a Tama, a kan moto, ya ɗauro irin albasa zai kai dashe. Ba gudun hauka yake ba, dattijo ne mai natsuwa. Ya bugi buhunan da na jibga, ya faɗi, ƙafarsa ta karye a ƙauri. Muna ɗaga shi za mu kai shi likita a Buza, ya riƙe hannuna ya ce, "Direba, ka yi haƙuri, walle ban ga wuta ba. Da na gani da na tsaya." Haƙuri yake ba ni, Ranka ya daɗe, wai ya lotsa mini mota. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da jandarma suka zo suka auna wuri, sun ce mai bin baya shi ya kamata ya bar tazara. Takarda ta wanke ni. Amma ni na san wutar da ta tsayar da ni, kuma na san inda na ce a jefar da wadda za ta tsayar da shi. Lokacin dashe ya wuce yana kwance, ƙannensa ne suka ɗan taɓa lambun. Da Baba na bakin ƙofa ranar, da motata ba ta fita a haka ba.

Na biyar. Na sa an mayar mini da fitilar, a sama, inda Ila ya sa tasa. Daga gareji na wuce gidan Baba. Na tarar da shi a gindin darbejiya yana tufkar igiya. Na shirya jawabi tun daga hanya, bai bar ni na fara ba. Ƙafar Malam Shu'aibu ya fara tambaya, ya yi masa addu'a. Takardar nan kuwa ko da wasa bai ambace ta ba, alhali ya san yatsun da ke kanta ɗaya bayan ɗaya. Ya dafa sanda ya tashi, ya zaga bayan motar, ya ƙirga takunsa ashirin, ya rusuna duk da ciwon gwiwa, ya ce, "Taka!" Na taka. Ya ce, "Ta kama. Tahi, Allah shi kiyaye." Ta madubin gefe na ga hannunsa ya yi kamar yana sakin igiya, alhali ba igiya a wurin. Ban iya tada motar nan da nan ba, hawaye ne suka hana ni ganin gabana.

Don haka ga roƙona. A mayar da Baba Mahamadu bakin ƙofarsa, a kuma ajiye masa kujera, gwiwar ta tsufa. A rubuta "Taka" cikin aikin mai ƙofa, kada ta mutu ranar da ya gaji. Sandika ta nemo wanda ya san kod da gaske, ya zo rumfa ya faɗa mana abin da doka ta ce kan fitilar sama, mu huta da amsa uku. In ma ya ce doka ba ta tilasta ba, mu tilasta wa kanmu, tunda mu muka rufe na ƙasa. Sannan a cire yatsana daga takardar nan. In tawada ba ta goguwa, a karanta wannan wasiƙa a inda aka karanta waccan.

Kafin ku yanke, ya kamata ka san wani abu daga bakina. Tun ranar, in na gama lodi a tasha, ba na hawa hanya sai na bi ta ƙofar gidan Baba. Ila ya fara bina, yanzu mun kai mota biyar, kuma lungun ba shi da faɗi, maƙwabta sun fara magana. Fasinja ma sun saba, in na manta su ke tuna mini. Igiyar tana tasha, Ranka ya daɗe, amma ƙofar ta koma gindin darbejiya.

Allah ya ba Malam Shu'aibu lafiya, ya tada kafaɗarsa. Allah ya saka wa Baba da alheri. Kai kuma Allah ya ƙara maka girma da basira, ya sa ka gama da jama'arka lafiya, ya kiyaye na gaba da na baya a kan hanya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Hamidu, direban layin Buza.