Kwanon Kaka Tasalla

Assalamu alaikum Kawu. Ina gajiya, ya iyali, ya ruwan Fatakwal?

Wai Kawu, mutum yana satar sunan kakarsa? Lauyan wani kamfanin kayan miya ya rubuto cewa sunan shafina na intanet, Daddawar Tasalla, nasu ne. In sakar musu, ko mu haɗu a kotu. Da ƙamus na karanta takardar.

Sai ga tsohon hoton da ka aiko: Kaka a kasuwar Roni, sunan a rubuce da fenti jikin kwanon daddawarta. Na tura musu, sun yi tsit. Ka rufa mini asiri, Allah ya saka da alheri.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Su kuwa, su fito fili su faɗi sunan tasu kakar.

Ɗanka, Sagiru