An Ɗaga Iyaka Zuwa Casa'in

Yaya,

Ina gaishe ku da kyau. Ya ƙafar Baba? Ki ce wa Inna ina cin abinci, ta daina cewa na rame a hoto.

Kin tambayi aikina. Injinan da ke ajiye wa mutane hotuna da takardu nake lura da su, a wani ɗaki mai sanyi kamar firij. Suna da iyaka: in sun cika kashi tamanin da biyar cikin ɗari, ƙararrawa ta yi ta kuka, in sun kai casa'in da biyar, sai su ƙi karɓar komai. Wata uku ina roƙon oga ya sayo ƙari. Jiya da ta sake kuka, ya leƙo ya ce, "Mayar da iyakar casa'in, ta bar mu mu sha iska." Na mayar.

Abokin aikina ya ajiye aiki, an haɗa mini nasa. Ba komai, da sauƙi. Ki dai aiko mini da man zafin nan, bayana ne ke ɗan taɓa ni. Kada Inna ta ji.

Allah ya bar mu tare. Yau injinan suna tamanin da tara, ɗakin tsit, oga sai yabona yake yi.

Ƙanwarki