Tagar da Yaya Ya Gyara

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta.

Wata uku ke nan ba kya ɗaukar wayata, shi ya sa na koma takarda. Zan bar ta a hannun maƙwabciyarki Tela. Na san haushin sayar da gidan Inna kike ji. Ni ne babba, dole wani ya yanke shawara, kuma ginin ya riga ya tsattsage. Ba zan maimaita ba.

Abin da ya sa na rubuto daban ne. Tela ta ce kullum kika taso daga makarantar da kike koyarwa kina ɗan filin baya da guduma, kina harhaɗa wani abu da tsofaffin tagogi da leda, har kin fasa babban yatsa. Shekara ashirin da biyu ina haɗa wa mutane tagogi, a ce ƙanwata ce ke buga ƙusa a karkace? Wannan ai abin kunyata ne. Ki faɗa min abin da kike ginawa, in akurkin kaji ne ma, in zo da kayan aiki in gama miki a yini ɗaya.

Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, a gaida matarka da yara. Yatsa ya warke. Tela kuwa, da za ta rage wa harshenta tsawo kamar yadda take rage wa mutane siket, da an huta.

Ba kaji ba ne. Ranar da masu rusau suka shiga gidan Inna kana shagonka, ba ka ga komai ba. Ni ina tsaye suka sa zarto a gindin lemon tsamin nan da ta shuka shekarar da ta haife ni. Kafin su ja shi waje na yanki rassa goma sha biyu da wuƙa, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Na roƙi tagogin katako biyar da suka watsar, suka ce in kwashe, dama wuta za su sa musu.

Reshe ba ya fitar da saiwa sai da ɗumi da laima, ga sanyi ya shigo, ga kajin gidan nan da ba su san Allah ba. Shi ne na yi musu rumfa. Tagogi huɗu su ne bango, rufin leda ce mai kauri ninki biyu a kan falankin tsohon gadona. Ƙofar da guntun robar taya na ɗaure ta. Na zuba tsakuwa a ƙasa, na huda gwangwanayen fenti na cika da yashi da taki, kowane reshe da nasa. A karkace take, na sani. Ni ma in na kalle ta dariya take ba ni.

Ta biyar ɗin ƙaramar tagar kicin ɗin Inna ce, na ɗora ta a sama. Da hantsi ina tokare ta da sanda su sha iska, da la'asar in sauke. In ba haka ba, rana ɗaya ta isa ta dafa su.

Sati shida ke nan. Goma sha ɗaya sun yi toho, jiya na ɗan ja ɗaya a hankali na ji ya riƙe ƙasa, wallahi sai da na zauna na yi kuka. Na sha biyun ya yi rawaya, na fitar da shi gefe kada ya shafa wa sauran, na fidda rai da shi.

Iyakar abin da ya rage min na Inna ke nan. Ran Litinin zan tafi gyaran takardun jarrabawa kwana huɗu, Tela za ta kula da tagar. Ka riƙe kayan aikinka, na gode.

Sai an jima.
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum, da fatan kin dawo lafiya, ya gajiyar hanya?

Kada ki yi faɗa. Ran Litinin bayan tafiyarki na rufe shago na zo, Tela ta buɗe min. Na ga aikinki, kin yi ƙoƙari, amma duk inda na sa hannu iska na shiga. Wata kafar har yatsa uku na zura. Da wannan sanyin?

Na daidaita ginshiƙan da ma'auni, na cire ƙusoshinki na sa sukurori. Na bi kowace kafa da gam, irin wanda nake sa wa tagogin manyan ofisoshi. Ƙofar na sa mata hinji na gaske, ƙarfen da take juyawa a kai, da roba a gefe, in kin rufe za ki ji ta yi tsam. Tagar saman nan da kike wahalar tokarewa, katakonta ya ruɓe, iska mai ƙarfi za ta iya yar da ita a kan shukar, sai na ɗaure ta da sukurori shida na bi da gam. Na ga kin rubuta maganar shan iska, amma ki yarda da ni, sanyi ne ke kisa. Da na gama na kunna ashana a ciki, harshen wutar ko motsi bai yi ba.

Na ce wa Tela ta huta da shiga, tunda laima ba ta da hanyar fita yanzu. Ta so ta yi gardama, na ce ta bar wa masu sana'a sana'arsu.

Na daɗe ban yi aikin da ya yi min daɗi kamar wannan ba. Don Inna na yi.

Yayanki

*

Yaya,

Na amsa sallamarka don wajibi ce.

Ran Alhamis da azahar na iso. Tun daga nesa na ga ledar ta yi gumi, ba a ganin ciki. Na ja ƙofarka mai tsam, zafin da ya buge ni a fuska kamar an buɗe tukunya. Goma sha ɗayan duk sun sunkuya, ganyen ya yi baƙi ya yi laushi. Na zazzage gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya ina duba. Kowanne da saiwarsa fara, wani har tsawon ɗan yatsa. Sun kama, Yaya. Sun riga sun kama.

Tela na tsaye tana share hawaye da awon ɗinkinta a wuya, tana cewa ta ga gumin tun ran Talata, amma ka ce kai ne mai sana'a. Ban ga laifinta ba. Duk gidanmu haka muka tashi, in ka yi magana sai a yi shiru.

Na rubuta maka baƙi a kan fari cewa rana za ta dafa su. Ka karanta, ka ga dai ƙaramar yarinya ce ke surutu. Shekarata talatin da takwas.

Tunda abin ya kai nan, bari in fasa ƙwan. Ka tuna ɗakin da ka sa Inna a gidanka da ciwonta ya yi tsanani? Ɗaki mai kyau, ba ƙarya, tagogin aikin hannunka, ko sauro sai ya nemi izini. Ka hana a buɗe, ka hana ƙawayenta zama, wai za su kwaso mata mura. Duk zuwan da na yi sai ta kama hannuna ta ce in buɗe mata taga ta ji motsin mutane. In na buɗe, ka shigo ka rufe. Sati biyu kafin ta rasu ta ce min:

"Auta, ki mai da ni gidana in zauna a gindin lemona, ko na yini ɗaya."

Na gaya maka, ka ce in ta ji sauƙi. Ni kuma na yi shiru, don kai ne babba. Wannan shirun shi ke cina har yau, kuma haushin kaina ya fi naka yawa.

Ba ka taɓa yi mana mugunta ba, na shaida. Alheri kake yi, sai dai ba ka tambayar mai abu ko yana so. Na sa guduma na ɓalle sukurorinka shida, tagar Inna ta tsage biyu.

Ka gaida yara.
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na karanta sau uku, wannan karon har ƙarshe.

Jiya na je inda gidan yake, ko kututturen ya yi toho. Sun zuba kankare, motoci ake ajiyewa a wurin. Na tsaya har mai gadi ya tambaye ni abin da na yar.

Akwai abin da ba ki sani ba. Ni ma ta roƙe ni, da safiyar ranar da ta cika. Ta ce, "Babban mutum, ɗan buɗe min kaɗan." Na ce akwai sanyi, na gyara mata bargo na tafi shago. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Na sayo dashen lemon tsami a wurin masu sayar da shuke-shuke, yana hannun Tela. Na san ba shi ba ne. Tagar kuma in kin yarda a kawo min, zan haɗa ta yadda ba za a ga tsagin ba.

Ki yafe min.
Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Allah ya yafe mana baki ɗaya, ni dai tukuna.

Dashenka na nan wurin Tela, ka aiko a ɗauka. Tagar na ɗaure ta da waya, da tsaginta nake son ta.

Na sha biyun nan da na fitar gefe na fidda rai, shekaranjiya ya fito da ganye biyu. Na ɗauke shi daga gidan nan. Ba zan faɗa maka inda yake ba, kada ka je ka taimake shi.

Ka huta lafiya.
Auta